AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Gwajin Jini Na Tarin Fuka Mai Bazuwa A Jiki

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu na yau da kullum a Rurum Tsohon Gari, cikin ƙaramar hukumar Rano ta Jihar Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yana cewa: Don Allah ina so ku ba ni tarihin gwajin jini da ake yi don gano tarin fuka. Yaushe aka fara shi, kuma wa ya ƙago shi? Shin gaskiya ne akwai irin tarin fuka da ke bin jini ya watsu cikin jiki ba tare da mutum ya yi tari sosai ba? In haka ne, idan aka ɗebi jinin maras lafiya aka ce ba a ga komai ba, ya tsira ke nan?

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah ya bar zumunci. Tambayoyinka uku ne, amma bari mu fara da ta ƙarshe, don ita ce rai ke rataye a kanta. Amsa ita ce a'a. Idan mutum yana kwance yana ramewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, aka ɗebi jininsa aka ce gwajin tarin fuka bai nuna komai ba, wannan takarda ba ta wanke shi ba. Haka kuma in gwajin ya ce akwai, wannan kaɗai bai isa a tabbatar cewa tarin fuka ne ya kwantar da shi ba. Dalilin haka yana cikin tarihin da ka nema, tarihi ne kuwa na fiye da shekara 130. Sai ka gyara zama, kai da sauran masu karatu.

TARIN GERO

Da farko dai, abin da ka ji gaskiya ne. Ƙwayar cutar tarin fuka ta iska take shiga jiki, ta sauka a huhu. A jikin yawancin mutane garkuwar jiki takan yi mata ƙawanya ta killace ta wuri guda, sai ta zauna shiru kamar mai barci, wani lokaci har ƙarshen rayuwar mutum ba ta motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 daga cikinsu za su yi ciwon a tsawon rayuwarsu. Wanda ƙwayar ke barci a jikinsa lafiyarsa lau, ba ya tari, ba ya kuma sa wa kowa.

Amma fa idan garkuwar ta yi rauni, ƙwayar takan fasa shingen ta faɗa cikin hanyar jini. Jini kuwa ka san babu inda ba ya zuwa. Sai ya kai ta hanta da saifa da ƙoda da ɓargo da cikin ido, har da rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Duk inda ta sauka sai ta yi ɗan ƙullutu ƙanƙane, wanda bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, dubbai a lokaci guda. A shekarar 1700 wani likita na birnin Janiba mai suna Manget ya duba waɗannan ƙulle-ƙulle, ya ga sun yi kama da ƙwayar gero, sai ya ari sunan gero na harshen Latin ya laƙa musu. Daga nan likitoci suka samu kalmar nan tasu ta miliyari. Mu a wannan fili sai mu kira shi tarin gero, tunda manomin Rurum ya fi kowa sanin girman ƙwayar gero.

Su wa ya fi kamawa? Yara ƙanana 'yan ƙasa da shekara 5, musamman masu tamowa ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Sai masu cutar ƙanjamau, da tsofaffi, da masu ciwon sukari, da masu shan magungunan da ke danne garkuwar jiki. Ka riƙe wannan jerin da kyau, za mu dawo kansa.

Alamunsa kuwa zazzaɓi ne na makonni, da gumin dare, da rama, da ƙin abinci, da kasala. Tarin kansa yana iya zama kaɗan ko babu. In ya taɓa ƙwaƙwalwa sai ciwon kai da amai da sandarewar wuya, kamar sanƙarau, sai dai shi a hankali yake zuwa. Shi ya sa akan daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot kafin hankali ya kai kansa. Kafin a samo maganin siteraftomaisin a Amurka a shekarar 1943, kusan duk wanda tarin gero ya kama sai dai haƙuri.

ƁARAWO DA HAUSHIN KARE

Kafin mu shiga tarihin, ga wani misali da zai sauƙaƙa maka. Ka ɗauka kana da rumbu, kana kuma da kare mai gadi. Hanyoyin sanin ɓarawo ya shigo biyu ne. Ko dai ka kama shi da hannunka, ko kuwa ka ji haushin kare. Gwaje-gwajen tarin fuka ma haka suka rabu. Akwai masu neman ƙwayar cutar ita kanta, a cikin kaki ko wani ruwan jiki. Akwai kuma masu sauraron amsar da garkuwar jiki take bayarwa, wato haushin kare. Gwajin jinin da ka yi tambaya a kai yana cikin kashi na biyu. Ba ƙwayar ake gani a jinin ba. Ana nuna wa garkuwar jiki rigar ɓarawo ne, a ga ko za ta yi haushi.

KOCH DA RUWANSA

Ran 24 ga watan Maris na shekarar 1882, wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tashi gaban 'yan'uwansa masana a birnin Balin, ya nuna musu ƙwayar da ke haddasa tarin fuka a ƙarƙashin madubin likita. Shi ya sa har yau ake bikin ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya a ran 24 ga Maris. Ba a jima ba wasu Jamusawa biyu, Ziehl da Neelsen, suka gyara hanyar rina kaki don ƙwayar ta fito ja a madubi, hanyar da aka yi fiye da shekara 100 ana dogaro da ita a asibitocinmu. Wannan kama ɓarawo da hannu ke nan.

A shekarar 1890 Koch ya sake fitowa da wani labari, ya ce ya samo magani. Wani ruwa ne da ya tato daga ƙwayoyin cutar da ya raina a ɗakin gwaji, wanda aka sa wa suna tubakulin. Marasa lafiya suka yi ta tururuwa zuwa Balin daga ƙasashe dabam-dabam. Amma cikin 'yan watanni murna ta koma ciki. Ruwan bai warkar ba, wasu ma sun rasu bayan allurar, kuma babban masanin nan Rudolf Virchow da ya binciki gawawwakin a farkon 1891 ya ba da rahoton cewa cutar tana nan da ranta, har ya ga alamun ta ƙara bazuwa.

Sai dai kuma an lura da wani abu. Wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, in aka yi masa allurar sai jikinsa ya amsa da zafi da kumburi, wanda ba ta taɓa shiga ba kuwa shiru. Ashe abin da ya kāsa zama magani zai iya zama ma'auni. Likitocin dabbobi ne suka fara cin moriyar wannan, suka riƙa gwada shanu da shi don ware masu cutar daga garke.

DAGA FATA AKA FARA

A shekarar 1907 wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya ƙago hanyar ɗan karce fata a ɗiga tubakulin a kai. A 1908 Charles Mantoux na Faransa ya kawo hanyar yin allurar a cikin fatar hannu, wadda har yanzu da sunansa ake kiranta. Akan yi allurar, mutum ya dawo bayan awa 48 zuwa 72, a auna faɗin taurin da ya tashi da ma'aunin milimita. A cikin shekarun 1930 wata masaniya Ba'amurkiya, Florence Seibert, ta tace ruwan ya zama mai tsabta mai ƙarfi iri ɗaya, shi ne ake kira PPD.

Ga abin lura, Malam. Tun a 1908 shi Pirquet ɗin ya ga wani abin mamaki. Yaron da fatarsa ta saba tashi in an gwada shi, da zarar ƙyanda ta kama shi sai fatar ta yi shiru, alhali ƙwayar tarin tana nan a jikinsa. Daga baya likitoci suka ga haka ga masu tamowa, da kuma masu tarin gero su kansu. A rubuce-rubucensu an samu wuraren da fiye da rabin masu tarin gero fatarsu ba ta tashi ba. Wato karen da yunwa ko ciwo ya kwantar ba ya haushi, ko da ɓarayi sun cika gida.

Matsala ta biyu ta zo ne tare da wani alheri. A shekarar 1921 aka fara ba jariri rigakafin BCG a birnin Faris, wanda Albert Calmette da Camille Guérin suka samar daga ƙwayar tarin shanu da suka raunana. Ita ce allurar da ake yi wa jariranmu a dantse da zarar an haife su, mai barin ɗan tabo. Amfaninta mafi girma shi ne kare yara daga tarin gero da na ƙwaƙwalwa. To amma tunda ƙwayar BCG 'yar'uwar ta tarin fuka ce, takan sa fatar wasu ta tashi a gwajin Mantoux ba tare da sun kamu ba. Kare ya ga ɗan'uwan ɓarawo ya yi haushi.

ZAMANIN GWAJIN RUWAN JINI

Yanzu sai mu zo kan jini sosai. Ka san gwajin nan na taifot da ake kira Widal, wanda kusan kowane ɗakin gwaji a Kano yake yi? Wani likitan Faransa mai wannan suna ne ya fito da shi a 1896. Abin da yake nema shi ne wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa ya zuba cikin ruwan jini don su maƙale wa ƙwayar cuta. Bayan shekara biyu, a 1898, wani Bafaranshe mai suna Arloing ya gwada irin wannan dabara ga tarin fuka. Wannan shi ne farkon gwajin jini na tarin fuka da ka tambaya.

Tun daga lokacin aka yi ta ƙoƙari, kowane zamani da sabuwar dabararsa, don abin yana da ban sha'awa. Ɗigon jini ya fi sauƙin samu a kan kaki, musamman ga yaro ƙarami ko wanda cutarsa ba a huhu take ba. Irin wannan gwaji ya yi aiki sosai ga wasu cututtuka, kamar ƙanjamau da ciwon hanta. Amma ga tarin fuka abin ya ƙi. Dalili kuwa, kowane mutum da irin sinadaran da jikinsa ke ƙerawa game da wannan ƙwaya. Wani mai ciwo ba ya yin su da yawa, wani lafiyayye kuma yana da su saboda tsohuwar haɗuwa da ƙwayar, ko da danginta da ke cikin ƙasa da ruwa.

Duk da haka kamfanoni suka cika kasuwannin ƙasashe masu tasowa da 'yan kwalayen gwaji, kowa yana yabon nasa. A shekarar 2008 wani sashen bincike da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya tattara iri 19 na waɗannan kwalaye ya gwada su. Wanda ya fi ƙoƙari a cikinsu ya gano kamar mutum 60 ne cikin masu ciwo 100, mafi rauni kuwa kusan mutum 1 tak. A watan Yuli na 2011, bayan an duba bincike fiye da 90, na tarin huhu da na wanda ke wajen huhu, hukumar ta fito fili ta ce a daina amfani da waɗannan gwaje-gwaje don gano mai ciwon tarin fuka. Wannan ne karo na farko da ta taɓa fitar da irin wannan hani a kan wata hanya da ake amfani da ita sosai a harkar tarin fuka. A lokacin ana yin fiye da gwaji miliyan ɗaya irin wannan kowace shekara, marasa lafiya ne kuma ke biya daga aljihunsu. A shekarar 2012 gwamnatin Indiya, inda aka fi cinikinsu, ta haramta ƙera su da shigo da su da sayar da su.

Saboda haka, mai karatu, in wani ya ce zai ɗiga jininka a ɗan kwali, cikin minti 15 ya gaya maka ko kana da tarin fuka, ka riƙe kuɗinka.

SABON GWAJI DAGA GARKEN SHANU

Akwai wani gwajin jini na biyu, wanda ya fi wancan inganci nesa ba kusa ba, kuma shi ne manyan asibitoci ke yi a yau. Shi ma daga shanu ya faro. A ƙarshen shekarun 1980 masana a ƙasar Ostireliya, wadda ke yaƙin kawar da tarin shanu, suka samo hanyar ɗibar jinin saniya a haɗa shi da tubakulin a cikin kwalba, a auna wani sinadari mai suna intaferon gama da fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa in sun gane abokin gaba. Daga baya aka mayar da dabarar ga ɗan Adam. A shekarar 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin farko mai suna QuantiFERON. Wani kuma mai suna T-SPOT.TB ya fito daga Ingila.

A tsakiyar shekarun 1990 masana a ƙasar Danmak da wasu wurare sun gano wasu sinadarai na jikin ƙwayar tarin fuka waɗanda babu su a ƙwayar BCG. Da aka sa su cikin sababbin gwaje-gwajen a maimakon tubakulin, sai matsalar ɗan'uwan ɓarawo ta kau. Tabon BCG ba ya rikita wannan gwaji, kuma ba sai mutum ya dawo bayan kwana uku an duba hannunsa ba. Akan ajiye jinin ne awa 16 zuwa 24 cikin ɗumi irin na jikin mutum, sa'an nan a auna. Har ila yau akwai wata kwalba ta musamman da ake zuba wa abin da zai tsokano kowace garkuwa mai rai. In ita ma ta yi shiru, sai a rubuta cewa gwajin bai yanke hukunci ba. Wannan sakamako na uku ya fi fitowa ne ga waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, kuma bai kamata a karanta shi da ma'anar babu ba.

An gwada wannan hanya a Afirka ta Yamma. An yi bincike a Gambiya a kan mutanen da ke zaune gida ɗaya da masu tari, an kuma yi a Abuja a kan yara, wanda aka buga a 2006. Ya nuna yaran da ke zaune tare da babba mai ƙwayar a kakinsa su ne suka fi nuna alamar kamuwa. A wannan aiki, wato gano wanda ƙwayar ta shiga jikinsa, gwajin yana da amfani.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. Sauran matsalolin nan biyu suna nan daram.

Ta ɗaya, gwajin ba ya bambance ƙwaya mai barci da mai aiki. Karen da ya taɓa ganin ɓarawo, ko bayan shekara goma ka nuna masa rigarsa sai ya yi haushi. Alal misali, ka tara mutum 100 ranar kasuwar Rano ka ɗebi jininsu. In muka bi ƙiyasin duniya na ɗaya cikin huɗu, kamar 25 za su iya nuna akwai, alhali kusan dukkansu lafiyarsu lau, cinikinsu suke yi. In ɗaya daga cikin 25 ɗin nan ya kwanta da taifot gobe, jininsa zai ce akwai tarin fuka, a sa shi shan magani na wata 6 a banza, ciwonsa na gaskiya kuma yana can yana cinsa.

Ta biyu ita ce ta fi haɗari. Ka tuna jerin da muka ce ka riƙe? Yaro mai tamowa, mai ƙanjamau, tsoho, mai sukari. Abin da ya buɗe wa ƙwayar hanya ta bazu a jikinsu shi ne raunin garkuwa. Gwajin kuwa da ƙarfin garkuwar nan ya dogara. Wato wanda ya fi kowa buƙatar a gano cutarsa da wuri, shi ne gwajin ya fi saurin tsallakewa. Nazarin da aka yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 a kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna cewa cikin masu ƙanjamau 100 da aka tabbatar suna da ciwon tarin fuka, tsakanin 60 zuwa 76 ne gwajin ya gano, gwargwadon irin wanda aka yi amfani da shi. Cikin waɗanda aka yi zato amma ba su da ciwon kuwa, kusan rabi ya nuna akwai. Don haka a wannan shekara hukumar ta ce kada a yi amfani da shi, ko gwajin fata, wajen yanke hukuncin ciwo mai aiki a irin ƙasashenmu. Inda ta yarda da su shi ne wajen gano ƙwaya mai barci, don a ba mutum maganin rigakafi kafin ta farka.

TO, YAYA AKE GANO SHI?

Sai a koma neman ɓarawo da hannu. A nan ƙasar an kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa a 1989, aka ƙaddamar da shi a 1991, tare da cibiyar horaswa da ke Saye kusa da Zariya. A 1993, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin annobar gaggawa, Nijeriya ta karɓi tsarin shan magani a gaban ma'aikacin lafiya. Binciken ƙasa na farko da aka yi a 2012 ya nuna cutar ta ninka yadda ake zato, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu ita a duniya.

A watan Disamba na 2010 hukumar ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda ke neman ƙwayoyin halittar cutar ita kanta, ta ba da amsa cikin kamar awa biyu, har ta faɗa ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Nijeriya ta fara amfani da ita a 2011, daga baya ta mai da ita gwajin farko ga duk wanda ake zato. Ba kaki kaɗai take karɓa ba. Ana iya sa mata ruwan ƙashin baya, ko abin da aka zuƙo daga kaluluwa, ko ruwan cikin yaro, ko ma bayan gidansa, tunda yara haɗiye kaki suke yi.

A 2015 kuma aka amince da gwajin fitsari mai suna LAM ga masu ƙanjamau da jikinsu ya yi tsanani. Shi wani ɓangare na jikin ƙwayar yake nema. Abin sha'awa, ya fi aiki ne ga wanda garkuwarsa ta fi faɗuwa, cutar ta fi bazuwa, wato daidai inda gwajin jini ke gazawa.

Ban da waɗannan, likita yakan ɗauki hoton ƙirji, inda ƙulle-ƙullen kan fito kamar an watsa gero a faifai, ko da yake a farkon ciwo hoton yana iya fita fes, sai an sake bayan makonni. Yakan leƙa cikin ido da fitila, yakan duba hanta da saifa da na'ura, wani lokaci a ɗebi ɗan ɓargo. Akwai kuma wani gwajin jini da ake yawan yi a wurarenmu mai suna ESR. Shi dai yana nuna akwai wani ciwo a jiki ne, ba ya faɗin ko wane ne. In duk an yi ba a kama ƙwayar ba, amma alamu sun taru, maras lafiya kuma yana ƙara faɗuwa, ƙa'idar aiki ta ba likita dama ya fara magani ba tare da jira ba. Magunguna huɗu ake haɗawa a farko, a sha wata 6, in ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙashi a kai har wata 12. Ko da magani, tarin gero yana kashe kusan ɗaya cikin huɗu na manyan da ya kama, kuma jinkirin farawa yana cikin manyan dalilai.

SHAWARARMU

Ga mutanen Rurum da Rano da Kibiya da sauran masu karatu, ga abin da za mu ce. Wanda ya yi tari na mako biyu, ko zazzaɓi da rama da gumin dare da suka ƙi jin maganin cizon sauro da na taifot, a daina zagayen kemis, a kai shi asibitin gwamnati, a faɗa wa ma'aikaci ƙarara cewa ana so a duba tarin fuka. Daga Babban Asibitin Rano ana iya tura mutum Kano in abin ya buƙaci haka, ko Asibitin Zana, ko na Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin shirin gwamnati. In an taɓa yin mai tari a gidan, a gaya wa likita, ko da shekara biyu ke nan, don wannan labari yana da nauyi a wurinsa. In an gano babba yana da cutar, a kai yaran gidan a duba su, don akwai maganin rigakafi da ake ba su. A yarda a yi gwajin ƙanjamau da na sukari tare. A kai jariri allurar BCG da zarar an haife shi. Tunda kuma yankinku na makiyaya ne, a riƙa dafa madara kafin a sha ko a yi nono da ita, domin ƙwayar tarin shanu tana bin ɗanyar madara, kuma takan kama kaluluwar wuya da hanji.

In aka miƙo maka takardar gwajin jini, ka tambayi likita abu guda: ƙwayar aka nema, ko amsar jiki aka auna? In amsar jiki ce, kuma maras lafiyarka bai samu sauƙi ba, to bincike bai ƙare ba, a ci gaba da nema.

Da fatan mai tambaya da sauran masu karatu sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu, a riƙa rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda don kowa ya samu shiga. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.